Kilika ko kalmar baki, wanne ya fi wa mai larurar gani wajen horar da kare?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwan da ya yi tambaya jiya cewa ya samu kwikwiyo ɗan wata biyar, shi kuma ba ya gani kwata-kwata, yana so ya san ko sai ya nemi kilika ko bakinsa ma ya isa, toh ga abin da na sani, don ni ma ba na gani kuma duka biyun na yi aiki da su a kan karyata.

Kilika ɗan abu ne da bai kai akwatin ashana ba, da ɗan ƙarfe a ciki, in ka danna ya ce ƙas. Ba kiran kare ake yi da shi ba kuma ba umarni ba ne, ma'anarsa ɗaya tak: abin da ka yi yanzun nan shi nake so, ga ladanka nan zuwa. Kalmar baki ma aikinta ke nan, ka zaɓi gajeriyar kalma guda kamar "yes" ko ka ƙyasta harshe, ka tsare ta ga wannan aikin kaɗai. Kar ka ɗauki "yauwa" ko "toh", don a wuni sau nawa za ka faɗe su a gida ba tare da ka ba shi komai ba, sai ta lalace. Dabarar ta fito ne daga Amurka, ɗaliban masanin halayyar mutane da dabbobi B.F. Skinner, wato Keller da Marian Breland, su suka fara horar da dabbobi da ita tun shekarun 1940, daga baya Karen Pryor da ta yi aikin horar da dabbar tekun nan dolfin a Hawai da usur ta yaɗa ta wajen masu karnuka. Makarantar Guide Dogs for the Blind da ke Kalifoniya, wadda aka kafa a 1942, da kilika take horar da karnukan jagora yanzu, har makafin da ake ba karnukan ana koya musu dannawa. Kenan maganar wai sai mai ido zai iya ba ta taso ba.

Inda kilika ya fi: sautinsa ba ya canzawa. Ko ranka a ɓace yake, ko mura ta dishe maka murya, ƙas ɗin nan ɗaya ne, kuma gajere ne sosai, yana faɗawa daidai kan abin da karen ya yi. Muryar mutum kuwa yau da ƙarfi gobe a sanyaye, kuma kare ya saba jin ka kana surutu tun safe. Inda baki ya fi kuma shi ne hannu, kuma wallahi a wajenmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Lissafa ka gani, igiya a hannun hagu, sanda a hannun dama, sannan kana buƙatar hannun da zai taɓa karen ka san me yake yi, ga wanda zai shiga jaka ya ɗauko lada, toh kilikan a ina za ka riƙe shi? Kuma in ya faɗi ƙasa a tsakar gida sai ka tsaya lalube, darasi ya watse. Ni igiya na sa wa nawa na rataya a wuyan hannu, irin mai maɓalli a sama kuma ya fi sauƙin dannawa fiye da mai akwati da sai ka laluɓo inda yatsa zai shiga.

Wajen saurin koyo kar ka damu kanka sosai, an yi bincike a Italiya a 2016 da aka gwada kilika da kalma da kuma abinci zalla, ba a ga wani bambanci a yadda karnukan suka koya ba. Gaskiyar matsalarmu ba a na'urar take ba, sanin lokacin da za a danna ne. Mai ido yana ganin gindin kare ya taɓa ƙasa ya danna nan take, kai in ka makara da daƙiƙa biyu har ya miƙe, kenan miƙewar ka biya shi ba zaman ba. Don haka sai ka mayar da kowane darasi abin da hannu zai ji ko kunne. In zama kake koya masa, ka durƙusa ka ɗora tafin hannunka a bayansa wajen ƙugu, ba danne shi ƙasa za ka yi ba, ji kawai, yana sauka za ka sani. Ka sa masa ƙararrawa ƙarama a wuya, motsi da tsayawa duk za ka rarrabe. Darasin da na fi so a fara da shi kuma shi ne ya taɓa tafin hannunka da hancinsa, don wannan ba ka buƙatar kowa ya faɗa maka, sanyin hancin kana ji ka danna. Daga nan ka ɗora hannun a kan kujera ko mariƙin ƙofa ya taɓa, ka ja baya taki ɗaya ku dawo, taki biyu, taki biyar, a haka har ya iya kai ka wajen da kansa. A irin wannan aikin a cikin gida kilika na fi so, a waje kuwa baki.

Ko wanne ka ɗauka, ka fara da haɗa sautin da abinci, danna ka ba shi, kamar sau 15 zuwa 20, har ka ji ƙararrawar ta juyo wajenka da zarar ya ji sautin. Duk dannawa sai an biya, ko da kuskure ka danna. Minti 3 zuwa 5 ya isa zama ɗaya. Kar ka danna kusa da kunnensa, wasu karnukan suna firgita, ka sa shi a aljihu sautin ya ragu. In ba ka samu na saye ba, biro mai dannawa ko murfin kwalba na ƙarfe mai lotsawa a tsakiya yana yi. Lada kuma ƙanana kamar ƙwayar wake, dafaffen nama ko hanta ba yaji, ban da kilishi da tsire saboda albasa da tafarnuwa suna cutar da kare.

Na san wani zai kawo maganar yawu tunda hannu ne a bakin kare. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muke bi, kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, kuma aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta ambaci horar da dabbobin farauta. In duk da haka zuciyarka ba ta kwanta ba, ka riƙa sa ladan a ɗan kwano ko cokali mai dogon hannu, ka kuma tambayi malaminka.

Abu ɗaya da zan roƙe ka ɗan'uwa, kar ka ajiye sandarka. Karen jagora na gaske watanni yake yi a hannun ƙwararru, har ana koya masa ƙin bin umarni in mota na tahowa, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka haifa don aikin ma ba sa cin jarrabawar. Naka zai iya nemo maka ƙofa, ya zo in ka kira, ya ɗauko maka abin da ya faɗi, amma tsallaka titi da shi a cikin 'yan adaidaita da masu babur, don Allah a'a. Ka fara da taɓa hannun nan na sati ɗaya ka dawo ka faɗa mana yadda ya yi.