Gurup ɗin rejim na masu suga: wata uku da na yi, da ranar da na zube gaban mai shayi

Salamu alaikum jama'a. Tunda mutane sun dame ni a kasuwa da tambaya, wai Alhaji mi ya same ka ka rame haka, wasu har jaje suke mini, bari in rubuta sau guda kowa ya karanta in huta. Gurup ɗin nan ne na WhatsApp na masu suga, na yaron nan da ke kiran kanshi koci, ba sai na kama suna ba, masu ciwon nan Maraɗi sun san shi kuma kun san abin da yake amsa na wata uku. Ɗiyata da ke aure Yamai ita ta biya ta ba da lambata, ni sai ganina na yi ciki.

Shekara 6 ke nan da anka ce ina da diyabet. Ranar da anka gano, awon sahe kahin in ci komi ya ba da giram 2,40, alhali daga 1,26 ma ciwo ya tabbata in an sake awo an samu haka. Tun lokacin nake shan Metformine sahe da dare, daga baya anka ƙara mini wata 'yar farar ƙwaya, Glibenclamide. Ku riƙe sunan nan don zan dawo kanshi.

Gaskiya satin farko yaron ya burge ni. Ni da nake ganin na gama kiyayewa tunda na bar tuwon hatsi na koma na alkama kamar yadda kowa ke cewa, sai ga vokal ɗinshi shina cewa alkama, acca, masara, hatsi, shinkafa, rogo, duk abin da ake tuƙawa ko a dama ciki sukari yake maida shi, bambancin kawai wani ya hi wani sauri. Har zuma da dabino bai bari ba. Na ce wanga yaro bai da kunya. Sai ya ce kar wanda ya yarda da bakinshi, kowa ya auna kanshi awa biyu bayan cin abinci. Na sha hurata ta rana yadda na saba, ba ma sukari ciki, na auna: 2,60. Washegari maman yara ta yi mini kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da dafaffen ƙwai biyu, na ci na ƙoshi, na auna: 1,45. Wallahi sai da na sake tsaga wani bandelet, 'yar takardar nan da ake sa wa injin awon suga, don na ɗauka injin ne ya lalace, kun kuwa san bandelet ba abin wasa ba ne a farmasi yanzu. Shekara shida ina zuwa likita ba wanda ya taɓa sa ni wannan gwajin. Nan kam na sara mishi.

Sai sipor. Minti 30 na tahiya da sauri, kwana biyar a sati, minti 150 ke nan, ya ce ba shi ya ƙirƙira ba, Hukumar Lahiya ta Duniya ce ta ce haka. Ni da ko masallacin Juma'a sai da moto, na koma in an sallame asuba in ɗaura bakin takalmi in miƙe gudron. Kwanan farko gwiwa ta yi ta ƙara kamar tsohuwar ƙofa, daga baya jiki ya saki, barci ya gyaru, tashin hitsarin dare daga sau huɗu ya koma ɗaya. Awon sahe ya yi ta sauka, 1,60, 1,30, har na ga 1,05 da idona.

To a sati na biyar ne abin ya faru, kuma shi ne dalilin wanga rubutu.

Lokacin sanyi ne, hazo ya sauka sosai. Daren ranar rabin malmala kawai na ci da miyar kuɓewa da kihi. A gurup kuma an buɗe gasa, kowa na turo hoton yawan takunshi daga waya, koci na ta zuga mu wai tahiya da cikin wohi ta hi ƙona kitse. Na tashi na haɗiye ƙwayoyina duka biyu da ruwa kamar kullum, ban sa komi bakina ba, na hita, na ce yau sai na yi awa guda in wuce wata Hajiya da ke cinye mu kullum. Wajen minti arba'in sai na ji hannuna na rawa. Na ce sanyi ne. Sai gumi, cikin sanyin nan da mutane ke jin wuta bakin hanya ni rigata ta jiƙe sharkaf, gabana na bugawa kamar ana daka, ga wata yunwa irin wadda ban taɓa ji ba ko da azumin bazara. Na hango teburin mai shayi na nuhe shi, ban san yadda na kai ba, na dai san na nemi zama kan benci na same ni ƙasa.

Ina jin mutane sama-sama. Wani na cewa tansiyon ce, wani na cewa a kawo ruwa a tofa, wani dattijo na ta mini kalmar shahada a kunne. Ina son in ce suga, harshe ya ƙi juyawa. Allah da ikonshi wata madam za ta sarbis kan moto, ashe anfirmiya ce, ta ga taro ta tsaya. Ta duƙa ta ce "Baba kuna da suga?" na ɗaga kai. "Kun sha magani? Kun ci abinci?" Ta juya ga mai shayi ta ce ya jiƙa sukari ƙwaya uku cikin ruwa maza. Yaron ya ƙi fa! Ya ce "Madam mai suga ake ba sukari? Ni ba za a kashe mutum da kayana ba." Ita da kanta ta ɗebo ta dama, ta tallabe ni ta tabbatar ina iya haɗiya sannan ta riƙa ba ni kaɗan kaɗan. Ta amshi wayata ta kira ɗana ya zo da injin awo. Bayan kwata guda anka auna, duk da sukarin da na sha 0,62. Ta ce duk abin da ya yi ƙasa da 0,70 ya faɗi ke nan, ta sake dama wani, da na dawo hayyacina ta sa anka ba ni burodi da ƙwai, burodin da na yi sati biyar ina gudu. Ta ce wa ɗana kar ya kai ni gida ya bar ni, irin wannan ƙwayar tana daɗewa cikin jiki, suga na iya sake faɗuwa bayan awoyi, a wuce likita. Ko sunanta ban tambaya ba, Allah Ya saka mata da aljanna, Ya raya mata zuri'a.

Likitana kam bai raga mini ba. "Alhaji ku da girmanku, ku rage abinci rabi, ku ƙara tahiya, ku bar magani yadda yake, ba ku zo kun gaya mini ba?" Shi ya warware mini: Metformine ita kaɗai da wuya ta kada suga haka, amma Glibenclamide matsa wa jiki take ya zubo insulin, abin da ke sauke suga cikin jini, ko ka ci ko ba ka ci ba, to da ana tuwo malmala biyu da hura tana samun abin da za ta ci, yanzu babu, sai ta ci ni. Ya cire mini ita, ya bar Metformine, ya ce rejim da tahiya in ci gaba amma bayan na karya, kuma kullum da sukari ƙwaya uku a aljihu.

Da na fara rubutun nan niyyata in ba gurup ɗin huɗu cikin biyar in ce kuskure ne, amma yanzu da nake tuna abin raina ya sake ɓaci. Ranar shiga an aiko mana takardar cikewa: shekaru, kilo, tsawo, har hoton tumbi sai da na tura. Ba layi ɗaya da ya ce wane magani kake sha. Ɗaya! Kuma cikin gurup ɗin akwai masu allurar insulin, na san biyu da kaina. Da na samu sauƙi na yi vokal na tura ciki don in ja kunnen 'yan'uwa, ba zagi ba komi, minti goma ba a yi ba anka goge shi. Sai ga koci ta gehe, "Baba ku yi haƙuri, kar ku tsorata mutane, ai mun rubuta a tuntuɓi likita." Na sa ɗana ya duba, e akwai, can ƙasan shafi na ƙarshe da Faransanci, rubutu ƙanana kamar ƙudan zuma sun taka tawada. Mutanen da rabinsu vokal kawai suke saurare.

Kuma tunda an zo nan, listin abincin nashi ma. Avoka, burokoli, man zaitun, wasu 'ya'yan itace da ko a Yamai sai babban kanti. Muna zaune kusa da Jiratawa inda zogale ke hitowa buhu buhu, ga rama, yakuwa, tafasa, shu, yalo, ga gyaɗa da Maraɗi ta yi suna da ita, ga awara ga nono marar sukari, ga wake in an ci daidai, amma ba ko ɗaya cikin takardar, da gani daga intanet anka kwaso. Maman yara ce ta zauna ta tsara mini na gaske da abin da ke kasuwa. Sai garin tuwon masu suga da yake saidawa a leda mai hoto, na sayi biyu, tuwon ya hito kamar an dama kwali, da ta kai wa mai injin niƙa ya shinshina ya ce waken soya ne da dusar alkama, da kuɗin leda guda sai ya haɗa mata tiya biyu. Guda na nan bisa firigo har yau.

Amma kuma ƙarya ba kyau. Awon nan na wata uku da ake kira HbA1c daga 9,1 ya dawo 7,2, likita ya ce ƙasa da 7 muke nema, kilo daga 94 na koma 86, wandunana duka sun je wajen tela, kuma ƙwaya guda ta ragu daga ordonans. Ba don vokal ɗin yaron nan ba da har yanzu ina tuƙa alkama ina cewa ina kiyayewa. Wahalar da ta rage ta biki ce, a aje maka shinkafa da lemu ka ce a'a a ce girman kai, da atai na majalisa bayan la'asar wanda har yanzu in an zuba na uku sai na kau da kai.

Biyu da rabi zan ba shi, rabin ma don gwajin hurar nan ne. Mai shan Glibenclamide ko mai allura in zai shiga ya fara kai takardar gaban likitanshi a gyara magani tukuna. Shekaranjiya koci ya turo mini wai an yi ragi ga tsohin mambobi in zan sabunta, na tambaye shi ko ya ƙara layin magani cikin takardar cikewa, alamar ya karanta ta hito shuɗiya, har yanzu bai amsa ba.