Yaro Mai Otizim: Zaman Ƙwararre ko Horon Tsakar Gida?

Uwar da ɗanta mai shekara 4 ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ga shi yana toshe kunne da jin ƙarar kabu-kabu, alamomin da kan iya nuna otizim (lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane), hanya biyu ke gabanta a Damagaram.

Ta farko ita ce kai shi wurin ƙwararren mai koyar da magana. Shi ya san abin da zai duba, zai kuma sa a gwada jin yaron, tunda kurumta ma kan hana magana. Sai dai irinsu ba su da yawa, wani lokaci sai an dangana da Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. Kuma abin da yaro mai otizim ya koya a ɗaki shiru ba lalle ya biyo shi gida ba.

Ta biyu ita ce a horar da iyaye, kamar yadda tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na koyar da masu reno ya tanada. Nan darasin yana cikin wanka da cin tuwo. Uwa ta riƙe ludayin koko, ta dakata, har yaro ya nuna ko ya dube ta. A kai shi Kasuwar Dole da sassafe kafin hayaniya, minti 10 kawai. Malamar lakwal ta nuna masa hoto kafin a canza wasa. Wahalar a kan uwa take, mai daka da ɗiban ruwa, shi ya sa kaka da yayye dole su shigo ciki.

Ni dai na fi karkata ga ta biyu, amma ƙwararre ya fara ganin yaron.