Shagon tsofaffin littattafai na Tudun Wadan Zariya da finafinan da ke kwance a kantocinsa

Duk marubucin fim da ke kukan wai labari ya ƙare, shawarata gare shi ita ce ya hau mota ya zo Zariya. A Tudun Wada akwai wani ɗan shago da ba shi da ko allon suna, tsakanin wani tela da mai sayar da katin waya. In ka tsaya daga bakin ƙofa ba za ka ga komai ba sai kayan 'yan makaranta: littattafan rubutu, biro, alli, jakunkuna rataye a ƙusa. Da su ne mai shagon ke cin abinci. Abin da ya sa nake wannan rubutu yana can ciki, bayan wani labule, inda aka jera tsofaffin littattafan Hausa a kantoci uku na katako.

Ni malamin Hausa ne a sakandare, rubutun fim kuwa da dare nake yin sa, ni da wasu abokai da muke haɗa kuɗi mu ɗauki gajerun finafinai. Saboda haka da idon mai neman labari nake shiga shagon, kuma da wannan idon zan yi masa hukunci.

Babban abin da shagon ke da shi shi ne mai shi. Dattijo ne, kowa Baba yake ce masa, kuma babu littafin da ke kantar nan da bai karanta ba. Ba sai ka zo da sunan littafi ba. Na taɓa ce masa, "Baba, labarin ramuwar gayya nake nema, wanda ba ya buƙatar taron jama'a." Bai ko ɗaga kai ya duba ba, ya miƙa hannu ya zaro wani siriri, ya kaɗe ƙurarsa a gwiwa, ya lashi ɗan yatsa ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya don ya tabbatar babu wanda ya fita. Sannan ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, karanta wannan, in ka iya barci a daren ka dawo ka karɓi kuɗinka." Jiki Magayi ne, na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafai biyar ɗin nan da Hukumar Talifi ta fitar a nan Zariya bayan gasar rubutun zube ta 1933.

Na san littafin tun ina ɗalibi, amma karatun jarrabawa daban, karatun mai son ɗora kyamara daban. Abubakar da Zainabu suna son juna. Malam Shehu, mai dukiya wanda ya daɗe yana neman haihuwa, ya shiga tsakani ya aure ta. Abubakar bai yi faɗa ba, bai kai ƙara ba. Ya bar gari ya shiga duniya neman asirin da zai rama da shi, kuma bai nufi Malam Shehu kai tsaye ba, sai ya nufi ɗan da aka haifa, Kyauta. Yaron ya tashi ɓarawo, ya gagari kowa, har ƙaddara ta kai shi ga kashe ubansa ba tare da ya san shi ne ba. Ku dubi abin da wannan labari ke buƙata: soro, tsakar gida, kasuwar ƙauye, daji, da dare ɗaya mai duhu. Manyan 'yan wasa huɗu. Babu abin da ya fi ƙarfin aljihun furodusa mai matsakaicin hali a Kano ko Kaduna ko Jos. Abin da ya fi ja na kuwa shi ne ba za ka iya ware mugu guda ka tsane shi ka huta ba. An zalunci Abubakar da gaske, amma abin da ya yi ya fi zaluncin da aka yi masa muni. Zainabu tana tsakiya, ta rasa masoyi, ta zo tana kallon ɗanta yana lalacewa a gabanta ba ta san dalili ba. Littafin bai ba ta baki sosai ba, kuma nan ne marubucin fim zai sami filin aiki. Da ni ne, da idonta zan ba da labarin tun daga farko har ƙarshe, kuma ba zan sa waƙa da rawa ko ɗaya ba.

A wannan kantar dai na sayi Ganɗoki na Malam Bello Kagara, yayan Abubakar Imam. Wannan kam fim ne na masu hannu da shuni. Rabinsa na farko yana tsaye a kan tarihi na gaske: zuwan sojojin Turawa Kwantagora da Bida a 1901, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, da hijirar Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas wadda ta ƙare a Burmi a 1903. Daga nan labarin ya tsallaka duniyar aljanu, Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suna ta gwabzawa. Baba ya fi son ɓangaren aljanun, ni kuwa na ce masa da za a ba ni kuɗi, a Burmi zan tsaya. Dawaki muna da su, duk wanda ya ga hawan sallah a Zazzau ko Katsina ya san lifidi da sulke da kwalkwali ba su ɓace ba, masu ɗinka su da masu ƙera su suna nan da ransu. Mahayi da mashi yana fuskantar bindiga mai ruwa, tsoho kuma yana ba yara labarin bayan komai ya wuce: wannan fitowa ce da ta isa ta riƙe fim. Kuma zuriyar waɗanda suka tsira daga Burmi suna nan a Mai Wurno ta ƙasar Sudan, 'yan kallo ne da ke jiran a ba su labarin kakanninsu da harshensu.

Kada wani ya ce ba a taɓa yi ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi ma Baba yana da shi, Adamu Halilu ya mayar da shi fim tun 1976, da ayarin raƙuma da sahara da komai. Fim ɗin ya yi shekaru ba a ganinsa, sai da aka gyara shi aka nuna a Balin ta Jamus a 2018. Abin yana mini ciwo a ce yawancin matasan da ke riƙe da kyamara a yau ba su taɓa kallonsa ba.

Farashi babu laifi. Ƙananan littattafan daga naira 1,000 zuwa 2,500 na saye su, gwargwadon tsufa da lafiyar bango, kuma Baba ba ya son dogon ciniki, abin da ya faɗa kusan shi ne.

Sai dai akwai inda shagon ya gaza, kuma dole in faɗa. Ba duk abin da ke kantar ne bugu na asali ba. Akwai waɗanda gani ɗaya za ka san an ɗauki hoton tsohon bugu ne aka sake gurzawa: tawada ta dushe, ƙugiyar ɗ da ƙ ta shafe har sai ka yi ta lalube kafin ka gane kalma. Baba ba ya ɓoyewa in ka tambaya, amma in ba ka tambaya ba shi ma ba zai ce ba, kuma wannan bai dace da mutum irinsa ba. Kantar ƙasa tana shan danshi da damina, gara ta riga ta taɓa wasu. Babu wani jerin sunaye a rubuce, komai yana cikin kan Baba, ranar da ya je ɗaurin aure ko jana'iza ya bar yaronsa, to zuwanka ya zama na banza, don yaron farashin biro kawai ya sani.

Ɓangaren tarihi ma ya yi ƙaranci. Na nemi wani abu a kan Dorugu ban samu ba, alhali in ana maganar labarin da ya cancanci fim mai dogon zango, nasa yana sahun gaba. Yaro ne Bahaushe daga ƙasar Damagaram, aka kama shi bawa, aka 'yanta shi a Kukawa ta Borno, ya bi Baturen nan mai yawon binciken ƙasashe, Heinrich Barth, har Tumbutu, ya ƙetare sahara tare da shi ya isa Ingila a 1855. Can ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa aka rubuta. Mun saba ganin Bature yana kallonmu yana ba da labari. A nan ɗan Hausa ne yake kallon Landan yana faɗin abin da ya gani. Baba ya ce zai tambayi wani abokinsa a Samaru, wajen jami'a, inda tsofaffin malamai kan sayar da littattafansu in za su bar aiki. Ina jira.

Abu ɗaya da nake roƙon 'yan'uwana marubuta: sayen littafi a shago ba ya ba ka ikon mayar da shi fim. Waɗannan ayyuka suna da masu su, kamfanin da ke buga su da magadan marubutan. A nemi izini a rubuce, a sa sunan mai littafi a farkon fim da manyan baƙaƙe. Mun sha ganin an ɗebi labarin mutum an canza sunayen taurari an ce sabo ne, kuma hakan na cikin abin da ya sa marubutan littafi da yawa ke ɗari-ɗari da 'yan fim.

Ga mai niyyar zuwa, ya fi kyau ya zo da hantsi kafin 'yan makaranta su taso su cika ƙofar. Ranar Juma'a Baba yana rufewa tun kafin azahar, ba ya dawowa sai bayan la'asar. A riƙo tsabar kuɗi, don ba ya karɓar tiransifa, a kuma riƙo leda mai kauri in damina ce.