Jarrabawar jiha ta Amurka da Kwaman Entirans ta gida, amsa ga Maman Ummi

Maman Ummi sannu da ƙoƙari, na ga tambayarki tun jiya da daddare. Kin ce kun zo Niyu Yok bara, Ummi tana aji uku, an aiko takarda wai za su yi jarrabawar jiha, kuma da kika duba sakamakon makarantarsu a intanet kika ga waɗanda suka ci ba su kai rabi ba, shi ne kike tambaya ko irin Kwaman Entirans ɗinmu ce, kuma ko ki cire ta daga makarantar. To bari in jera miki su gefe da gefe don gaskiya sun sha bamban.

Kwaman Entirans dai kin san ta, NECO ke shiryawa, ɗan aji shida ne ke zaunawa, iyaye su biya kuɗin rajista, sau ɗaya ake yi kuma abin da ake nema gurbi ne a makarantun sakandaren tarayya. Yaro ake aunawa, in makinsa ya kai ya shiga, in bai kai ba a nemi wata hanya. Shi ya sa muka taso da fargabarta, lesin safe da yamma, ga haddar tsofaffin tambayoyi.

Ita ta nan makaranta ake aunawa, yaran su ne ma'aunin. Dokar tarayya ce ta kawo ta, wadda Shugaba Bush ya sa wa hannu a 2002, aka sauya ta da wata a 2015 zamanin Obama amma sharaɗin bai canza ba: kowace jiha ta gwada yara a karatun Turanci da lissafi duk shekara daga aji 3 zuwa aji 8, kuma ana so aƙalla kashi 95 cikin ɗari na yaran makaranta su zauna. Kyauta ce, ba ki biyan ko sisi. Kowace jiha da tata, ta Teksas sunanta STAAR, ta Masachusets MCAS, don haka in ƙanwarki da ke wata jiha ta ce makarantar yaranta ta fi taku maki kar ki ɗauka, ba mudu ɗaya aka auna da shi ba.

A Niyu Yok wajen Afrilu zuwa Mayu ake yi, kwana biyu Turanci kwana biyu lissafi, kuma tun 2016 aka cire ƙayyade lokaci, yaro ya zauna ya gama a nutse. Sakamako ba na ɗaya na biyu a aji ba ne irin namu, mataki huɗu ne, 1 zuwa 4, wanda ya samu 3 ko 4 shi ake cewa ya kai matsayin ajinsa. Wannan kason da kika gani a intanet adadin masu 3 da 4 ne kawai. Kuma dokar jihar ta hana a maimaita wa yaro aji saboda wannan makin shi kaɗai, sai an haɗa da aikinsa na aji. Amma fa ba ko'ina ba, a Misisifi da Fulorida ɗan aji uku da ya gaza a karatu ana iya riƙe shi, in za ku tashi wata jihar ki fara tambaya.

Yanzu maganar cire ta, nan ne nake so ki tsaya ki saurare ni da kyau. A gida in aka ce makaranta kaza yaranta sun cinye Kwaman Entirans sai kowa ya ruga, to a nan wannan lambar yawanci unguwa take nuna miki fiye da malamai, wato su wane ne iyayen, nawa suke samu, da wane yare ake magana a gida. Makarantar da ta cika da yaran baƙi irin namu da suka sauka jiya jiya ba su iya Turanci ba dole kasonta ya yi ƙasa ko da malaman suna kashe kansu da aiki, ita kuwa ta unguwar masu hali yaran sun shigo aji ɗaya suna karanta littafi, ko malami ya yi barci za su samu 3. Abin da ya kamata ki nema shi ne awon ci gaba, wato daga inda yaro yake bara zuwa inda ya kai bana. Wani malamin jami'ar Stanford, Sean Reardon, ya bi sakamakon makarantun gwamnati na Shikago ya fitar da rahoto a 2017, yaran a aji uku suna ƙasa da matsakaicin ƙasar, amma kafin aji takwas sun yi ci gaban kusan shekara shida cikin shekara biyar. Wanda ya kalli makin aji uku kaɗai zai ce makarantun banza ne ya kwashe ɗansa.

Kuma maki mai kyalli ma ba kullum yake gaskiya ba. A Atlanta an gano malamai suna goge amsoshin yara suna gyarawa a jarrabawar 2009 saboda matsin da ake musu, a 2015 kotu ta samu mutum 11 da laifi. Abin yana min ciwo har yanzu don yaran da ke buƙatar taimako su aka nuna kamar sun iya, ba wanda ya waiwaye su.

Game da Ummi kanta, in ba ta cika shekara ɗaya a makarantun Amurka ba ana iya ɗauke mata ta Turancin sau ɗaya, ta yi jarrabawar masu koyon Turanci a madadinta, lissafi kuwa za ta yi. Akwai iyayen da ke ƙin barin yaransu su zauna gaba ɗaya, a 2015 kusan kashi 20 cikin ɗari na yaran jihar ba su yi ba, amma ni ban ba ki wannan shawarar ba, mu da ba mu gama sanin tsarin ba takardar nan tana nuna mana inda yaro ke da rauni.

Ni dai da ni ce ba zan cire ta yanzu ba. Ki je ranar ganawar iyaye da malamai, in Turancin zai ba ki wahala ki ce a samo miki tafinta, haƙƙinki ne. Ki tambayi malamarta a wane matakin karatu Ummi ta fara a Satumba kuma ina take yanzu, sau nawa a sati ake zama da masu koyon Turanci, sannan ki ce a nuna miki awon ci gaban makarantar. In kin samo amsoshin ki turo nan mu duba tare. A gaida Ummi da babanta.