Silar da ke kwanciya a kan siminti da wadda ke shiga cikinsa: abin da na gani a gidana

Shekara uku ke nan da muka zuba kankare a farfajiyar gida da gareji da ɗan barandan baya. Ba a daɗe ba abu biyu suka dame ni: ƙurar siminti da ke tashi duk lokacin da aka yi shara, da danshin da ya maƙale a gindin bango har gansakuka ta kama wurin. Wannan ya sa na nemi man da ake shafa wa daɓe don ya kare shi, wanda masu aikin gini ke kira sila. Na gwada wadda ke kwanciya a saman siminti kamar fata, na kuma gwada wadda ke nutsewa cikinsa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi yadda mai sayarwa zai gaya maka.

Da akirilik na fara, irin silar da ke kwanciya a sama, mai haɗin zailin, wato sinadari mai ƙarfin wari da ake tsinka ta da shi. Hoton jikin gwangwanin ne ya ja ni: daɓe ya yi duhu yana ƙyalli kamar yanzu aka wanke shi. Ranar farko kam ba su yi ƙarya ba, garejin ya fito tsaf. Amma aikin shafawar ya wahalar da ni. Na ja ƙofa rabi don kada ƙura ta faɗa a kan ɗanyen shafi, kafin in kai tsakiyar ɗakin idona ya soma yaji, kaina ya yi nauyi, sai da na fita na zauna. Takunkumin da na sa na ƙura ne, kuma irinsa ba ya tare tururin sinadari ko kaɗan. Wanda ya dace shi ne mai matatar gawayi. Tururin zailin ya fi iska nauyi, ƙasa-ƙasa yake kwanciya, daidai inda mai aiki ya duƙa, daidai tsayin ƙaramin yaro, ga shi kuma yana kama wuta. Warin ya ratsa har ɗakin da ke manne da garejin, kwana biyu ban bar yara sun kwana a ciki ba. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da komai.

Bayan 'yan makonni sai fari-fari ya fara bayyana a ƙarƙashin sheƙin, kamar hazo a bayan gilashi. Inda mota ke tsayawa kuwa, taya mai zafi ta riƙa ɗago shafin yana ɓarewa. A baranda, inda na ƙarar da ragowar gwangwanin, matsalar ta fi muni. Ranar da aka yi ruwan sama 'yata ƙarama ta fito da gudu, ƙafarta ta zame, ta faɗi a kan gwiwar hannu. Ta tashi tana kuka tana cewa, "Baba, ƙasan nan santsi gare shi." Allah Ya taƙaita, ƙujewa ce kawai, amma daga ranar na daina kallon sheƙin da sha'awa.

Na kira wani dattijon magini da na daɗe da sani. Bai yi dogon bayani ba. Ya nemi farar leda mai kauri, ya yanka murabba'i kimanin santimita 45 kowane gefe, ya shimfiɗa a kusurwar garejin da rola ba ta kai ba, ya liƙe gefunan huɗu da salatif. Ya ce, "Malam, kada kowa ya taɓa sai gobe." Da safe muka ɗaga tare. Cikin ledar ya yi raɓa, simintin da ke ƙarƙashinta ya yi baƙi da laima. Ya shafa da yatsa ya nuna mini, ya ce, "Ka gani? Daɓen nan numfashi yake yi, kai kuma ka toshe masa hanci." Na ce, "To Baba, yanzu yaya za a yi?" Ya ce a kankare duka a sake. Gwajin nan nasa sananne ne a harkar gini, har lamba gare shi, ASTM D4263, kuma aƙalla sa'o'i 16 ake barin ledar. Leda da salatif kawai yake ci, amma da na yi shi tun farko da ban shiga wannan wahala ba.

Dalilin a fili yake. Kankare ko ya bushe ƙamas, cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Idan ba a shimfiɗa leda a ƙasa kafin zubi ba, danshin ƙasa yana bin waɗannan ƙofofi ya hau, yana ɗauke da gishirin da ke cikin simintin. Ya iske fata a sama, babu hanyar fita, sai ya taru ya yi fari, daga nan ya ɓamɓare ta. Cire tsohuwar silar ma aiki ne. Na ɗauko mai injin goge daɓe, na kuma dage sai ya yi aikin da ruwa, domin busasshiyar ƙurar kankare tana ɗauke da silika mai lalata huhu.

Karo na biyu na raba aikin gida biyu. A gareji na zuba silikat na litiyam, ruwa ne garai kusan babu wari. Yana shiga cikin siminti ya haɗu da sinadarin farar ƙasa da ya rage bayan daskarewa, su zama irin abin da ke ba kankare ƙarfinsa tun asali. Sakamakon bai fito rana ɗaya ba, amma bayan mako biyu na goga tafin hannu a ƙasa ban ga farin gari ba. Shara ta koma shara, ba tayar da ƙura ba.

A farfajiya da baranda kuwa na sa silen da siloksen mai haɗin ruwa, kuma ita ce ta fi burge ni. Da ƙaramin famfon feshi na fesa, hannu biyu, na biyun tun na farko bai gama shanyewa ba, kamar yadda aka rubuta a jikin jarkar. Da ta bushe babu alamar an yi wani abu. Launi bai sauya ba, kaushin daɓen yana nan, ƙafa tana kamawa. Uwargida ta leƙo ta ce, "Wai ka shafa kuwa?" Na ɗebo ruwa a kofi na zuba a gabanta, ya tsaya dunƙule-dunƙule yana gangarawa kamar a kan ganye. Aikinta ke nan: tana lulluɓe bangon ƙofofin nan daga ciki yadda ruwa ba zai jiƙa su ba, amma ba ta toshe su, don haka tururi yana fita. Shekara biyu yanzu, gansakukar gindin bango ba ta dawo kamar da ba, bayan ruwan sama kuma farfajiyar kan riga ko'ina bushewa.

Tana da inda ta gaza, kuma ya kamata a faɗa. Ba ta ɗinke tsaga. Sai ka cike tsagar tukuna. Baƙin mai idan ya ɗiga ya kwana yana barin tabo. Wanda ke da niyyar yin fenti a wurin nan gaba ya dakata, domin abin da ke korar ruwa yana iya korar fenti. Sannan kada kalmar "mai haɗin ruwa" ta sa a saki jiki. Silikat yana da kaifi irin na soda, yana ƙona ido, yana cin gilashi idan ya fantsama ya bushe, don haka tabarau da safar hannu dole ne, tagogi kuma a rufe su da leda. Rarar da ta kwanta a sama a share ta kafin ta bushe, in ba haka ba za ta bar farin tabo mai wuyar fita.

Yanzu kafin in sayi kowace sila bayan gwangwani nake juyawa. Ina duba adadin VOC, wato sinadaran da ke tashi su bi iska, wanda ake rubutawa da giram a kowace lita. Mai ƙaranci ita ce ta cikin gida. Ina kuma neman takardar SDS, wato takardar bayanin haɗari da kariya ta kamfanin da ya yi kayan, mai sashe 16, in karanta na 2 da ke faɗin haɗari, na 3 da ke faɗin abin da ke ciki, da na 8 da ke faɗin kayan kariya. Kayan da ba a iya nuna mini takardarsa, ba ya shiga gidana. Sabon zubi a ba shi kwana 28, a kuma guji shafawa cikin tsakar rana ko a kan daɓe mai zafi. A cikin sauran masu kwanciya a sama, ifoksi yana da ƙarfi amma yana komawa rawaya a rana, shi ma ba ya jure danshi daga ƙasa. Foliyuretan mai haɗi biyu kuwa yana da sinadarin da kan jawo asma, aikin ƙwararru ne. Akirilik ba abin yarwa ba ce; a busasshen daɓe, mai haɗin ruwa, da ɗan garin hana santsi a ciki, za ta yi kyau, sai dai ka shirya sake ta duk bayan shekara ɗaya zuwa uku.

Makon jiya na sake zagaya farfajiyar da kofin ruwa. Ko'ina ruwan ya tsaya, sai a bakin get inda taya ke murzawa kullum. Can ya ɗan jima sannan simintin ya yi duhu. Wannan zirin kaɗai zan wanke in sake fesawa, da zarar na sami kwana biyu a jere babu hadari.