Hattara da masu sayar da fulat na alfarma tun ba a aza tubali ba

Jama'a don Allah ku daure ku karanta wannan kafin wani ya sake tura kuɗinsa. Akwai damfarar da ke cin mutane a harkar gidajen nan na alfarma, irin dogayen benayen da ake rabawa fulat-fulat kowa ya mallaki nasa a unguwannin da ake yayi a manyan birane, kuma wallahi waɗanda take kayarwa ba sakarkaru ba ne, mutane ne masu hankali da suka daɗe suna tara guminsu.

Tallan zai faɗo maka a Instagram ko Facebook, bidiyo tas-tas, ga wurin ninkaya a saman bene, ga wurin motsa jiki, ga lifta, ga masu gadi dare da rana. To duk zanen kwamfuta ne, babu ko bulo ɗaya a ƙasa. Kana kira ejan zai zo ya ɗauke ka a mota mai sanyi ya kai ka wani fulat da aka ƙawata ya ce irinsa za a gina maka, alhali wani lokacin hayarsa suka kama a wani ginin daban, daga nan a wuce da kai fili an kewaye da kwano an kafa ƙaton allo, katafila ɗaya tana ta tonon da ba ya ƙarewa. Sai a fara matsa maka, wai saura uku kacal, rangwamen zai ƙare ƙarshen sati, ka ajiye kafin alƙalami yau ko wani ya riga ka. Cinikin biri a sama kenan.

Ni ban ce duk mai sayar da fulat kafin a gama gini ɓarawo ba ne, akwai kamfanoni na gaskiya da suke haka. Abin dubawa shi ne ina kuɗinka zai shiga. A Dubai tun 2007 doka ta tilasta a zuba kuɗin masu saye a asusun amana na wannan aikin kaɗai, mai gini ba ya cira sai gwargwadon inda aiki ya kai. Indiya ma a 2016 ta yi dokar da ta ce kashi 70 cikin 100 na kuɗin a ware shi a asusu daban. Ba don nishaɗi suka yi ba, sai da mutane suka sha wuya. Ko kamfanin gine-gine na Evergrande na ƙasar Sin da girmansa ya durƙushe a 2021 ya bar gine-gine ba a ƙarasa ba, har a 2022 masu saye da yawa a can suka ce sun daina biyan bashin banki kan gidajen da ba su shiga ba. To ina ga kamfanin da ba ka taɓa ganin gini ɗaya da ya kammala ba, kuma ya ce ka tura kuɗi akawun ɗin manaja?

Wata 'yar uwata haka aka yi mata. Takardar da suka ba ta mai tambarin kamfani ce kawai wai an ware mata fulat lamba kaza, ba takardar mallaka ba ce, babu inda aka yi mata rajista. Da aiki ya tsaya masu saye suka haɗu a WhatsApp, a nan ta gano wannan lambar an sayar wa wasu ma, filin kuma tuni an jinginar da shi a banki. Ranar da ta kira ni kuka ya hana ta magana.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne alkawarin kuɗin haya, wai ka saya su za su riƙa ba ka riba tsayayya duk wata tun ba a gama ba. Gidan da babu ɗan haya a ciki daga ina ribar take fitowa? Daga kuɗin wanda ya saya bayanka, ranar da sababbin masu saye suka ƙare shi kenan waya ta daina shiga.

Don haka ka ɗauki lauyanka na kanka, ba wanda suka haɗa ka da shi ba, ya je ofishin rajistar filaye ya duba sunan wa ke kan filin da ko akwai jingina a kai, ya ga izinin gini da adadin hawan da aka amince, don ana sayar wa mutum fulat a hawan da babu shi a izini. Ka je ginin da suka ce sun gama a baya ka yi magana da mazauna ciki ba tare da ejan ba, ka tambaye su har kuɗin kula da gini da ake karɓa duk shekara, don shi ma ana ɓoye shi sai an sa hannu.

Waɗanda kuma suka riga suka biya, ku tattara rasit da saƙonni da shaidar tura kuɗi, ku haɗu ku kai ƙara tare. In sun zo da sabuwar takarda wai za a mayar da ku wani aikin nasu, kar ku sa hannu sai lauya ya karanta, don a irinta ake cusa sharaɗin cewa kun yafe neman kuɗinku.