Zotero wajen tsara manazarta: inda take da ƙarfi da inda take tuntuɓe

Na yi aiki da Zotero, manhajar tattara manazarta da tsara su, a rubutun maƙalu da kundin digiri, kuma ina ganin ta cancanci a ba ɗalibi shawarar ya fara da ita. Kyauta ce, an ƙirƙire ta a Jami'ar George Mason ta Amurka a 2006.

Abu uku ake girkawa: manhajar kanta a kwamfuta, da Zotero Connector, mai kwaso bayanan manazarta daga shafukan intanet, a Chrome ko Firefox, da ƙarin da ke shiga cikin Word. Idan maƙala tana da lambar shaidarta ta DOI, ko littafi yana da tasa ta ISBN, da ka liƙa lambar sai sunan marubuci da shekara da mujalla su fito. Sauya salon rubuta manazarta daga APA zuwa Chicago ba ya ɗaukar minti ɗaya.

Inda take ba da wahala shi ne ayyukanmu na gida. Tsofaffin kundayen da aka ɗauki hotonsu aka mayar PDF ba su da rubutun da manhajar za ta karanta, sai ka cike komai da hannu. Sunaye ma sai an duba: marubucin da sunansa ya ƙare da Gusau ko Zariya, garin za ta ɗauka a matsayin sunan da ake jerawa da shi, don haka ka bi yadda shi marubucin yake sa sunansa. Taken Hausa kuwa, rubuta "ha" a gurbin harshe, in ba haka ba salon Chicago zai ɗaga haruffan farko na kalmomi irin su "da" da "na" kamar taken Turanci.

Wurin ajiyar fayil na kyauta da take bayarwa a intanet megabait 300 ne, yana cika da wuri. Bayanan manazarta kaɗai ba su da iyaka.

Tun 2019 takan sa jan gargaɗi a kan maƙalar da aka janye, da bayanan Retraction Watch, shafin da ke bibiyar maƙalun da aka janye, amma sai mai DOI ko PMID (lambar maƙala a rumbun PubMed). Mujallar bogi mai karɓar kuɗi ba tare da bitar masana ba, za ta shigar da ita lafiya lau. Wannan kai za ka bincika, a rumbunan mujallu na intanet irin su DOAJ ko AJOL, ka duba su wane ne editocinta.

Kafin miƙa aiki, ajiye kwafi ɗaya, sannan ka danna "Unlink Citations", mai raba rubutun da Zotero, a ɗayan. Bayan haka manazartar ba za ta sake sabunta kanta ba.